Shanun da Inna Ta Ɓoye a Ruga

A ƙauyenmu, can gefen Karofane, idan aka soya albasa a gidanku, kafin a sauke tukunya maƙwabta sun san ko da nama ko babu. Idan miji da mata suka yi faɗa, washegari a bakin rijiya za a maimaita shi tun daga farko, har a gyara musu inda suka yi kuskure. A cikin irin wannan gari mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ɓoye shanu shekara da shekaru, ba wanda ya ji ko ƙamshin zancen. Ba zobe ba, ba ƴan kuɗi a bakin zane ba, shanu masu ƙaho da kuka. Har yau idan na tuna sai in ji kaina ya yi girma.

Mu huɗu ne muka rayu cikin ƴaƴan Inna. Akwai babban wanmu, wanda muke ce wa Yaya, shi ne maigida tun rasuwar mahaifinmu. Sai ni, da nake koyarwa a wata lakkol a Madawa. Sai ƙanwata, sai autanmu, wanda ya tafi biɗa Libiya kamar yawancin samarin Adar. Ƙanwata kurma ce. Sanƙarau ya tafi da jinta tun tana ƴar ƙarama, ƴar maganar da ta fara koya ita ma ta bi shi. An taɓa yi mata aure, bai je ko'ina ba, ta dawo ɗakin Inna ta zauna. Su biyu suke saƙar tabarmin kaba suna kaiwa kasuwa, su biyu suke hira da hannu. Hirar tasu ba wadda ake koya wa kurame a makaranta ba ce, abin da suka ƙirƙira ne a tsakaninsu, ni kaina rabi nake ganewa. Na sha ganin su suna dariya har da hawaye, kuma na tabbata da mu suke.

Kuɗin tabarmi ya zama akuya, awaki suka zama karsana, karsana ta tafi ruga wurin ƙawar Inna, wata Bafulatana da muke kira Goggo. Ɗanta ne yake kiwon su tare da nasu. Goggo takan shigo gari da ƙwaryar nono, su zauna bayan rumbu suna magana ƙasa-ƙasa. Duk gida an ɗauka cinikin nono suke yi. Matar Yaya har takan ce ba ta taɓa ganin mai tsananin ciniki irin Inna ba, a kan ludayi ɗaya sai ta ɓata hantsi guda. Alhali labari ake ba ta, na wadda ta haihu da wadda take ɗingishi da wadda ta ƙi maraƙinta.

Ni ma ban sani ba sai da na fara aiki. Wata rana muna tsince wake Inna ta gaya mini, ba tare da ta ɗago kai ba, wai don kada ta faɗi ta mutu ba mai shaida.

Ta ce, “Na ƙanwarki na. Na ba ta, Allah shaida na. In na mutu anka yi gado, ƙahwa guda ta saniya za ta samu. Ni ba ƙahwa ni ka so ta samu ba. So ni kai duk gidan da ta zamna bayana, a san da nononta anka dama hura.”

Na ce ai su Yaya ba za su bar ta da yunwa ba.

Ta ce, “Ba su barin ta. Amma abincin alhwarma ba shi ƙosarwa. Ke dai riƙe bakinki.”

Ba zan faɗi yawansu ba. A wurinmu ba a tambayar mutum shanunsa nawa, kuma ko yanzu da babu sauran abin ɓoyewa, bakina bai iya ba. Ba garke ba ne. Abin da zai riƙe mace ɗaya ne har ƙarshen ranta, in Allah ya kiyaye fari.

Fari kuwa ya leƙo. A wata shekara da ciyawa ta yi ƙaranci, wani kamfani, ko sosiyete kamar yadda muke cewa, ya shigo yankinmu yana sayar da dusa da allurar bisashe. Wanda ya yi rajistar shanunsa zai sami dusa da sauƙi, in kuma saniya ta mutu a rage masa asara. Ɗan Goggo ya yi rajistar nasu, amma ya ƙi rubuta na Inna da sunansa. Ya ce amana ce, ba zai yarda ko a cikin na'ura a ce tasa ce ba. Saboda haka ranar kasuwar Karofane Inna ta ɗauki tabarmi biyu ta ce za ta sayar, ni kuma ina gida hutun makaranta da muke ce wa bakansi, na raka ta.

Wata ma'aikaciya mai fara'a ta ɗauki hoton Inna da wata faffaɗar salula, ta ɗauki zanen babban yatsanta, ta nuna mana hotunan shanun da aka riga aka ɗauka a ruga, kowace da ɗan kunne na roba mai lamba. Inna ta daɗe tana kallon su. Rabonta da ganin su ido da ido ya kai damina biyu, don zuwa ruga ba dalili shi ma abin tambaya ne. Sannan ta tambaya wa zai ga wannan abu.

Ma'aikaciyar ta ce, “Ba kowa, Inna. Cikin na'urar ordinatar za shi shiga, ordinatar tana Yamai, an kulle ta da lambar sirri. Doka ma ta hana a nuna ma wani.”

Yamai ɗin ce ta kwantar wa Inna da hankali, don ba ta da suruki ko ɗaya a can. Da aka zo kan lambar waya ta ce ba ta da ita. Salula ɗaya ce a gidan, ta Yaya, kuma ba ta haukace ba da za ta bayar da ita. Na ce a sa tawa. Ta harare ni ta ce mijina yana ɗaukar salulata in ta yi ƙara, ƴaƴana kuma suna wasa da ita. Gaskiya ta faɗa. Sai aka rubuta sunan ƙauyenmu da sunan gidan mahaifinmu kawai. Muka dawo tana murna ta toshe kowace kafa, tabarmin ma an saye su da daraja.

Shanun suka ci dusa, suka tsallake shekarar. Muka manta da ordinatar.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, na zo gida daga Madawa don in kwana biyu. An yi la'asar, maza suna zaune a ƙofar gidanmu a kan tabarmi, har da liman da wasu dattawan unguwa. Mu mata muna ciki. A lokacin autanmu ya daɗe bai kira ba, kuma labaran da ke zuwa daga Libiya ba masu daɗi ba ne. Ba mai faɗa, amma kowa yana kwana da abin a ransa.

Sai ga moto, wato babur. Wani magidanci ne, da jile, ƴar riga marar hannu mai tambarin kamfanin, da jaka a rataye. Ya riga ya tambayi gidan a bakin kasuwa da wurin mai shayi da gaban masallaci, saboda haka bai iso shi kaɗai ba. Ya cire hular kwano, ya yi sallama, ya gaisa da kowa hannu da hannu. Daga maganarsa mutumin wajen Keita ne, kuma ka gan shi ka ga wanda aka yi wa tarbiyya. Ta zanar da ta raba mu da waje muna jin komai.

Ya ce, “Wurin tsohuwa anka aiko ni. Ita kaɗai za ni gani.”

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane abin da bawan Allahn nan ya faɗa ba. A wurinmu baƙon namiji ba ya zuwa daga nesa a kan moto ya nemi ganin uwa ita kaɗai, sai in ɗanta ya mutu a wata ƙasa. Kuma ko haka ne, ba ita ake fara gaya wa ba. Maza ake gaya wa, su yi salati, su zaɓi dattijon da ya iya magana, shi ya shiga ya lallaɓa ta.

Yaya ya ce, muryarsa ta canja, “Malam, mu maza na. Hwaɗa muna. Daga Libiya na?”

Mutumin ya ce, “A'a, ku yi min aikin gahwara. Ba ni iya hwaɗa ma kowa sai ita. Haka doka ta ce.”

Liman ya ce, “Ɗana, mun san nauyin abin da ka ɗauko. Sauke shi nan. Ba a kai ma uwa irin wanga kai tsaye.”

Ya sake cewa sirri ne, na tsohuwa ne ita kaɗai. Duk lokacin da ya ce sirri, sai dattawan su ƙara sunkuyar da kai. Matar Yaya, wadda ta manna kunne a jikin zana, ita ta fara sakin kuka. Maƙwabta suka amsa. Kafin ka ce me, tsakar gidanmu ta cika da mata, wasu da muciya a hannu. Inna ta sulale ta zauna a ƙasa tana salati. Ƙanwata tana saƙa a inuwa, ba ta ji komai ba, sai ganin fuskoki ta yi. Ta jefar da kabar, ta kama hannun Inna tana girgizawa tana tambaya. Inna ta ɗaga hannu ta yi alamar da suke nufin auta da ita, yatsa a kan wushirya, sannan hannun ya tsaya a sama ya kasa ƙarasawa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba.

Shi kuma mai jile yana waje yana jin kukan da ya tayar. An koya masa doka a ofis, amma kafin nan uwarsa ta koya masa cewa ba a barin tsohuwa ta yi kukan ɗan da bai mutu ba. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga murya yadda za ta tsallake zana ta isa har bayan rumbu.

Ya ce, “Ba wanda ya mutu. Wallahi ba wanda ya mutu. Maganar shanunta ta.”

Kukan ya tsaya kamar an rufe famfo. Aka yi hamdala, wasu matan har suka fara dariya suna share hawaye. A cikin wannan sauƙin da ya sauko wa kowa na ji muryar Yaya, a hankali.

“Waɗanne shanu?”

Daga nan ne aka bi doka sosai. Aka shigo da mutumin, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakin Inna, ya roƙi kowa ya ja baya don maganar ta sirri ce. Kowa ya ja baya taku kaɗan, inda ake ji da kyau. Ya buɗe jaka ya karanta da Faransanci, sannan ya fassara. Wasu ɓarayi, in ji shi, sun shiga ordinatar kamfanin ba tare da sun fasa ƙofa ba, sun kwashi bayanan mutane. A cikin abin da suka kwasa akwai sunan Inna da hotonta da zanen yatsanta da hotunan shanunta. Doka ta wajabta a sanar da duk wanda abin ya shafa da gaggawa, shi da kansa. Masu waya an tura musu mesaji. Marasa waya, irin Inna, kamfanin bai yi ƙyashin mai ba, ya aiko a same su har gida. Ya faɗi wannan da ɗan alfahari, kuma ban ga laifinsa ba.

Sannan ya ba ta shawarwari. Ta canja lambarta ta sirri. Inna ba ta da lambar sirri. Kada ta amsa kiran wanda ba ta sani ba. Inna ba ta da waya. Game da yatsa bai ce komai ba, don babu inda ake canja shi.

Inna ta saurara har ya gama. Ta ce, “Su ɓarayin nan, ƴan ina na?”

Ya ce ba a sani ba, wataƙila ma ba a ƙasar baƙar fata suke ba.

“Suna zakkuwa su kore shanun?”

Ya ce a'a, ba shanu suke so ba, bayanai suke so.

“Sun san ɗiyana? Sun san surukaina?”

Ya ce ba ya jin sun san su.

Ta gyaɗa kai. Ya miƙo faffaɗar salularsa ya ce ta dangwala yatsa, shaidar cewa an sanar da ita. Ta dangwala wannan yatsan dai da aka sace. Matar Yaya ta kawo masa hura mai sanyi, ya sha, ya yi godiya, ya hau moto, don akwai sauran marasa waya a wajen Allakaye da bai kai wa nasu sirrin ba.

Daga baya na bincika yadda masu waya suka ƙare. Mesajin da Faransanci ya zo, dogo. Yawancinsu sun ɗauka tallar kiredin waya ce suka goge. Ɗan Goggo ya nuna nasa ga wani a kasuwa, aka ce masa ba komai ba ne, gaisuwa ce daga sosiyete. Ba wanda ya rasa ko akuya. Duk yankin, mutanen da abin ya taɓa su ne waɗanda suka fi kowa taka-tsantsan.

Na kai ƙorafi wurin wani abokin aikin mijina a Madawa, wanda ya san irin waɗannan dokoki. Ya yi mini bayani mai kyau. Ya ce haƙƙin mutum ne ya san an taɓa bayanansa, kuma da can kamfanoni shiru suke yi su bar mutane cikin duhu. Na yarda da shi, har yanzu ma na yarda. Ni kaina in aka kwashi nawa ina so a gaya mini. Abin da na kasa fahimtar da shi shi ne, wanda ya tsara dokar yana da ƙofarsa da wayarsa da ambulan mai sunansa. Inna kuwa ƙofarta Yaya ne. Duk abin da zai same ta, alheri ko akasinsa, sai ya yi sallama a waje ya gaisa da maza tukuna. Ya ce wannan matsalar aiwatarwa ce. Na ce to.

Abin da ya biyo baya ba faɗa ba ne, kuma da faɗa ne da ya fi sauƙi. Yaya bai yi fushi ba. Dariya ya dinga yi yana cewa ashe da attajira muke kwana muna tashi. Darajar Inna ta ɗagu a gari. Waɗanda da suke gaishe ta a tsaye suka koma durƙusawa. Matan unguwa suka riƙa aiko mata da tuwo, abin da ba su yi ba lokacin da suke zaton ba ta da komai.

Inna ta tara mu ta faɗi gaskiya, cewa shanun na ƙanwata ne. Yaya ya ji zafin maganar, kuma zafin na gaskiya ne.

Ya ce, “Inna, muna raye za ta rasa abinci? Mi munka yi miki da kinka ɗauke mu haka?”

Ta ce ba su yi komai ba. Ya ce to ba mai taɓa su. Na tabbata har zuciyarsa ya faɗa.

Sai autanmu ya kira. Yana raye, amma yana hannun wasu mutane a kan hanya, kuma ba za su sake shi haka nan ba. Wace uwa ce za ta ce a'a? Sa ɗaya ya tafi kasuwa. Damina ta zo da gardama, hatsin rumbu bai kai ko tsakiyar rani ba, ga yara cike da gida. Wata ta tafi. Matar Yaya ta sami matsala wurin haihuwa aka wuce da ita asibitin Tawa, aka yi mata aiki. Wata ta bi. Ba a taɓa zuwa wa Inna da maganar banza ba. Kowace buƙata gaskiya ce, kowace ta isa a yi kuka a kanta, kuma kowane lokaci Yaya yakan ce aro ne, in an yi albasa za a mayar.

Abin da na lura da shi shi ne, irin waɗannan matsaloli ba sababbi ba ne a gidanmu. Mun sha ganin yunwa da ciwo da ɗan da ya maƙale a hanya. Da can akan yi ta buga-buga, a je wurin kawu, a sayar da albasa tun tana gona, a kira ƴan'uwa na Abijan, a ƙarshe dai a fita. Hanyoyi ne masu wuya da cin rai, amma akwai su. Tun ranar da mai jile ya zo, duk suka toshe da ciyawa, saura ɗaya mai sauƙi wadda ta bi ta ruga. Kawu ma da aka je wurinsa cewa ya yi, ku da ke da shanu.

Goggo ta ci gaba da zuwa da nono, amma yanzu ba sa zuwa bayan rumbu, ba amfani. A tsakar gida suke zama, kowa ya zo ya tambayi lafiyar shanu kamar ƴan'uwansa. Ƙanwata kuma ba ta san komai ba. Ba a taɓa gaya mata tana da shanu ba, saboda haka ba a gaya mata suna ƙarewa ba. Tana dai ganin Inna tana ramewa, sai ta riƙa tura mata nata kason naman.

Da ya rage saura saniya ɗaya mai shayarwa da ƴar maraƙarta da wata karsana, Inna ta sa mayafi ta tafi wurin liman. Ta tambaye shi yadda kyauta take zama kyauta, wadda ba mai iya cewa a ara. Ya ce mata sai wanda aka ba ya karɓa, abin ya zama a hannunsa, a gaban shaidu. Ta dawo gida. Ta gane abin da ni ban gane ba tukuna. In ƙanwata tana gidan Yaya, hannunta hannun Yaya ne, ko shaidu nawa aka tara. Amma saniyar da mai ita take tatsa da kanta kowace safiya, take sha, take dama hura, ba wanda zai iya zuwa ya kwance ta a gabanta. Ko Yaya, ko yunwa.

Ta aika aka kira ni daga Madawa. Ta ce ta yi magana da Goggo, ƙanwata za ta koma ruga da zama.

Na ce, “Inna, ke fa? Wa zai zauna da ke?”

Ta ce, “Ni ina da kunne, ina da baki. Gidan ga cike shike da mutane.”

Na ce a bari sai bayan ranta mana, kamar yadda ta tsara tun farko.

Ta ce, “Bayan raina ba sauran ko igiya.”

Ina zaune ta gaya wa ƙanwata. Ta jawo ta gabanta, gwiwa da gwiwa, ta fara da hannu. Na gane ƙaho, na gane tatsa, na gane alamar Goggo, ƙwarya a kai. Na ga ta nuna ƙirjin ƙanwata, ta sake nunawa: naki ne, naki. Fuskar ƙanwata ta washe, ta dube ni tana dariya, ba ta taɓa mallakar abin da ya fi zane ba. Sannan ta yi tambaya, ta nuna kanta, ta nuna Inna, ta haɗa yatsu biyu ta tafiyar da su tare. Inna ta kama yatsun ta raba su. Abin da suka faɗa bayan wannan ban gane ba, hannayen sun yi sauri da yawa, kuma ni ma idona ya cika. Sun daɗe. A ƙarshe ƙanwata ta tashi ta shiga ɗaki ta fara naɗe kayanta.

Aka yi abin a gaban liman da dattawa biyu, a ruga. Aka damƙa mata igiya a hannu. Yaya ya zo, ya tsaya gefe. A hanyar dawowa shi ya goya Inna a moto, kuma na ga yana tafiya a hankali fiye da yadda ya saba. Ban san abin da ke ransa ba, ban kuma tambaya ba. Ina son wana, kuma na yi fushi da shi, duka biyun har yau.

Da rani abin da sauƙi. Rugar ba ta da nisa sosai, ranar kasuwa ƙanwata takan biyo Goggo da tata ƴar ƙwaryar, ta yi baƙi ta yi ƙarfi, ta zauna da Inna su yi ta hira har rana ta karkata. Amma gonaki sun cinye makiyayar da ke kusa da mu. Da ruwa ya sauka aka yi shuka, dole su Goggo suka tashi gaba ɗaya suka yi arewa, can bayan Keita, inda saniya za ta ci ba a kai mai ita gaban hakimi ba. Sai an girbe hatsi za su dawo. Ɗan Goggo yana da salula, amma sai ya hau tudu yake samun rezo, in ya kira kuma abin da zai ce bai wuce kowa lahiya lau ba. Ƙanwata ba ta da abin da za ta yi da waya. Duk maganarta a hannu take, hannun kuma ya yi nisa.

A tsakiyar daminar nan na je gida. An kwana biyu ba a ji daga gare su ba, an ce koramu sun cika. Na sami Inna a ƙofar ɗaki da kaba a gabanta, ba ta saƙa ba. Muka gaisa, ta tambayi yara. Can ta matso kusa da ni, ta rage murya yadda take yi da Goggo a da.

Ta ce, “Mutanen nan da sunka sace bayanin shanu. Kin ce duk abin da ke cikin ordinatar suna gani?”

Na ce haka aka ce.

“Da lambar da anka sa musu ga kunne?”

Na ce har da ita.

Ta ce, “To ke da kin yi lakkol, ki bincika min ko ana samun su. In suna ganin inda shanun suke, ita ma tana nan kusa. Ba wani abu ni ka so ba. Su duba min ko tana cin abinci.”

Na ce mata to, zan bincika.